HARBIN WOFI: Yadda Gwanayen Harbi Ke Gyara Hannunsu a Gida Ba Tare da Harsashi Ba

Gabatarwa

A gasar Olamfik ta shekarar 2008 da aka yi a birnin Bejin na ƙasar Sin, wani maharbi Ba'amurke mai suna Matthew Emmons ya iso harbi na ƙarshe a gasar doguwar bindiga ta nisan mita 50 yana gaban kowa da tazara mai yawa. Harbi ɗaya matsakaici kawai yake bukata ya ɗauki lambar zinare. Yana cikin sauko da bakin bindiga daga sama zuwa tsakiyar abin bara, sai yatsansa ya danna kunama kafin lokaci, bindiga ta tashi. Maki 4.4 ya samu, ya faɗo matsayi na huɗu, lambar ta suɓuce masa. Bindigarsa lafiya lau take, harsashinsa ma haka. Wani ɗan motsi ne na yatsa ya rushe aikin shekara huɗu.

Wannan labari yana nuna mana cewa dacewar harbi ko kuskurensa tana ƙulluwa ne tun kafin harsashi ya bar bakin bindiga. A cikin ƙwaƙwalwa da ido da numfashi da yatsa ake yin aikin. Dalili ke nan da ya sa masu wasan harbi na duniya suke ɓatar da lokaci mai tsawo a ɗakunansu suna auna wani ɗigo a jikin bango, suna danna kunamar bindigar da ba komai a cikinta. Wannan atisaye shi za mu kira harbin wofi a cikin wannan maƙala. Za mu duba dalilan kimiyya da suka sa yake da amfani, da yadda ake yin sa, da iyakarsa, da haɗarin da ke tattare da shi. A ƙarshe kuma za mu kawo gwaje-gwajen da malami zai iya yi da ɗalibansa a aji ba tare da an taɓa bindiga ba.

Ƙanƙantar abin da ake nema

Kafin mai karatu ya fahimci amfanin harbin wofi, wajibi ne ya san irin ƙanƙantar abin da ake auna a wannan wasa. Harbi yana cikin wasannin da aka yi tun a gasar Olamfik ta zamani ta farko, wadda aka yi a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896. A 1984 aka shigar da gasar doguwar bindigar iska ta nisan mita 10, a 1988 kuma aka shigar da ta ƙaramar bindigar iska ta hannu. Waɗannan bindigogi ba sa aiki da albarushi. Matsattsiyar iska ce take tura wata 'yar ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5.

Bisa ƙa'idar hukumar wasan harbi ta duniya, wadda ake kira ISSF a taƙaice, tsakiyar abin bara na doguwar bindigar iska, wato wurin da ke ba da maki goma, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar aya a ƙarshen jimla. Idan muka haɗa rabin faɗin ɗigon da rabin faɗin ƙwayar darma, za mu ga cewa tsakiyar ƙwayar ba za ta kauce da fiye da milimita 2.5 ba in har ana son ta taɓa ɗigon. Kaucewar milimita 2.5 a nisan mita 10 kusurwa ce da ta kai kimanin kashi ɗaya cikin saba'in na digiri ɗaya. Kuma harbi 60 ake yi a zagayen farko, a tsaye, da bindigar da nauyinta kan kai kilo biyar.

Ga wani lissafi kuma ga ɗaliban darasin kusurwoyi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan bindigogin iska na gasa tana da alamar saiti guda biyu, ɗaya a gaba kusa da baki, ɗaya a baya kusa da ido. Mu ɗauka cewa tsakanin alamun biyu a ƙaramar bindiga akwai santimita 40. Mita 10 daidai take da santimita 1,000, wato ninki 25 na wancan tsawo. Saboda haka idan alamar gaba ta goce da milimita ɗaya daga ta baya, ƙwayar darma za ta goce da milimita 25 a jikin abin bara. Da'irar maki goma ta ƙaramar bindiga faɗinta milimita 11.5 ne. Ashe ke nan gocewar kashi ɗaya cikin uku na milimita ta isa ta fitar da harbi daga da'irar. Duk wanda ya fahimci wannan lissafi ya fahimci abin da ya sa ɗan motsin yatsa yake da girma haka.

Zabura da asalinta

Babban abokin gabar maharbi shi ne zabura. Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana a dokarsa ta uku ta motsi cewa duk turin da aka yi gaba yana tare da wani turi daidai da shi zuwa baya. Lokacin da albarushi ya tura harsashi gaba, bindiga ma tana komowa baya ta doki kafaɗa ko hannu. Wannan za mu kira shi naushin bindiga. Tare da shi akwai ƙara mai tsanani, wadda a yawancin bindigogin albarushi takan haura desibel 140, ma'aunin da ke iya lalata ji nan take idan ba a toshe kunne ba.

Jikin ɗan Adam ba ya son ƙara ko duka na ba-zata. Yakan ƙifta ido, ya ɗage kafaɗa, ya ƙanƙame hannu. To amma a nan akwai wani abin lura. Harsashi yana barin bakin bindiga cikin 'yan kaso ƙalilan daga cikin dubu na daƙiƙa ɗaya, alhali mutum yana bukatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya mayar da martani ga abin da ya gani. Ko ƙiftawar ido ta firgita, wadda ta fi wannan sauri, ba ta riskar harsashin. Wato duk motsin da ƙara ta haddasa, yana zuwa ne bayan harsashi ya riga ya tafi, ba zai canza masa hanya ba. Motsin da ke ɓata harbi shi ne wanda ya riga ƙarar.

Ta yaya jiki zai zabura kafin ya ji ƙara? Amsar tana cikin binciken masanin nan na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov. Ya lura cewa karen da aka saba ba shi abinci bayan wata alama, yakan fara zubar da yawu da zarar ya ji alamar, ko da ba a kawo abincin ba. Ƙwaƙwalwa takan ƙulla abubuwa biyu da ke zuwa a jere, ta mayar da na farko sanarwar na biyu. Ga maharbi, danna kunama ita ce alamar, ƙara da naushi su ne abin da ke biyo baya. Bayan harbi da yawa, sai jiki ya fara kare kansa tun yatsa yana kan hanya: hannu ya tura bindiga ƙasa, ido ya rufe. Mafi muni shi ne maharbin ba ya ganin kuskurensa, domin naushin bindiga yana zuwa nan take ya lulluɓe shi.

A nan harbin wofi yake da amfani iri biyu. Na farko, yana tona asirin kuskure. Idan babu harsashi, babu naushi, saboda haka duk motsin da aka gani a bakin bindiga na maharbin ne shi kansa. Na biyu, yana warware ƙullin da ƙwaƙwalwa ta yi. Pavlov ya nuna cewa idan aka yi ta kawo alama ba tare da abinci ba, a hankali kare yakan daina zubar da yawu. Haka nan idan aka yi ta danna kunama ba ƙara ba naushi, jiki yakan sassauta tsammanin duka.

Yadda ƙwaƙwalwa ke koyon aikin hannu

Mutane kan ce hannu ya saba. A haƙiƙa ba a cikin tsoka sabo yake zama ba, a cikin ƙwaƙwalwa yake. A 1949 masanin nan ɗan ƙasar Kanada, Donald Hebb, ya kawo ra'ayin cewa ƙwayoyin jijiya da ke yin aiki tare a kai a kai, mahaɗarsu takan ƙara ƙarfi, kuma bincike na baya ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Misalinsa kamar hanyar gona ce: yawan bi shi ke share ta. A can ƙeya kuma akwai wani sashe da ake kira ƙaramar ƙwaƙwalwa, wanda girmansa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙwaƙwalwa ba, amma ya ƙunshi fiye da rabin ƙwayoyin jijiyarta. Aikinsa shi ne kwatanta motsin da aka yi niyya da wanda aka yi, ya riƙa rage bambancin a duk maimaici.

A 1967 wasu masana biyu, Paul Fitts da Michael Posner, sun kasa koyon aikin hannu zuwa mataki uku. A mataki na farko mai koyo yana tunanin kowane motsi, yana yawan kuskure. A na biyu motsin ya fara haɗuwa, kuskure ya ragu. A na uku aikin yana tafiya da kansa, kamar yadda gwanin keke ba ya tunanin feda. Ba a kaiwa mataki na uku sai da maimaici mai yawa ƙwarai. Harsashi kuwa yana da tsada, filin harbi ba kullum ake samun zuwa ba. Amma tsayuwa da riƙo da saiti da numfashi da danna kunama, duk ana iya maimaita su a ɗaki ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Tarihin Károly Takács, sojan ƙasar Hungari, shaida ce a kan cewa gwaninta a ka take. A 1938 gurneti ya fashe masa a hannun dama, wanda da shi yake harbi. Sai ya koma ya horar da hannun hagu, ya ci lambar zinare a gasar ƙaramar bindiga a Olamfik ta Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952.

Har ma maimaici a zuci yana da tasiri. A wani bincike da Alvaro Pascual-Leone da abokan aikinsa suka buga a 1995, an sa wasu mutane koyon wani salon taɓa fiyano da yatsu biyar, awa biyu a kullum har kwana biyar. Wasu kuma an sa su zauna gaban fiyano su riƙa suranta taɓawar a ransu kawai. Sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa yatsu ya sauya a rukunin biyu, ko da yake waɗanda suka yi da hannu sun fi iyawa. Lanny Bassham na Amurka, wanda ya sami azurfa a gasar harbi ta Olamfik a 1972, ya duƙufa a kan irin wannan horo na zuci, ya dawo ya ci zinare a 1976.

Numfashi, zuciya da rawar hannu

Babu mai rai da zai iya tsayawa cik. Ko lafiyayyen hannu yana da wata 'yar rawa ta ɗabi'a, kimanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wadda gajiya da tsoro da yawan shan kofi ko shayi mai kauri kan ƙara. Ƙirji yana hawa yana sauka da numfashi. Zuciyar baligi a lokacin hutu tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, kowane bugu kuma yana aika ɗan girgiza zuwa hannu. Tasirin wannan ya kai har an haramta wa 'yan wasan harbi shan magungunan rage bugun zuciya. A gasar Bejin ta 2008 an karɓe lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa bayan an sami maganin furofuranolol a jikinsa.

Tun da ba a iya kawar da motsin, abin da maharbi ke koyo shi ne zama lafiya da shi. Yakan tsayar da numfashi a ɗan hutun da ke biyo bayan fitar da iska, ya saki harbi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan ya daɗe, gani ya fara dushewa, hannu ya fara rawa, sai ya sauke bindiga ya sake farawa. Yakan kuma koyi ƙara matsi a kan kunama a hankali yayin da alamar saiti ke yawo a cikin ƙaramin fili. Sabon shiga kuwa yakan jira sai alamar ta hau tsakiya ya fizgi kunama. Lissafin da muka yi a baya ya nuna aibin wannan: kafin saƙo ya tashi daga ido ya isa yatsa, alamar ta riga ta wuce, fizgar kuma ta ƙara gocewa.

Yadda 'yan wasa ke yin atisayen

Ɗan wasa yakan fara da gyara tsayuwa. Zai auna ɗigon, ya rufe ido, ya yi numfashi sau biyu ko uku, ya buɗe. Idan ya ga bindiga ta karkata, ba zai ja ta da ƙarfin tsoka ba, ƙafafunsa zai gyara har sai jiki ya fuskanci ɗigon da kansa. Dalili shi ne ƙashi ba ya gajiya, tsoka kuwa tana gajiya ta yi rawa.

Daga nan sai ya juya ga farin bango wanda ba ɗigo a jikinsa. Tun da babu abin bara, ido ba shi da abin kallo sai alamun saiti, saboda haka duk gocewar da danna kunama ta jawo za ta fito fili. Wasu sukan ɗora kwabo a kan bututun bindiga. Idan kunama ta tashi kwabon bai faɗo ba, dannar ta yi kyau.

Bayan haka sai a dawo kan ɗigo. Idan ɗaki bai kai mita 10 ba, sai a rage girman ɗigon daidai da nisa. Baƙin da'irar da ake auna a gasar doguwar bindigar iska faɗinsa milimita 30.5 ne, saboda haka a nisan mita 5 za a zana mai kimanin milimita 15, kuma a daidaita tsayinsa a bango yadda kusurwar ɗaga bindiga ba za ta canza ba. Bayan kowace danna, maharbi yakan ci gaba da riƙe tsayuwarsa na ɗan lokaci, ya faɗi inda harbin zai faɗa da akwai harsashi, ya rubuta a littafinsa. A yau akwai na'urori irin su SCATT na ƙasar Rasha da Noptel na ƙasar Finlan, waɗanda ake maƙalawa a bindiga, su zana tafiyar bakinta a fuskar kwamfuta kafin danna kunama da bayanta.

Masu horarwa sun fi son atisaye gajere a kullum a kan mai tsawo sau ɗaya a mako. Kimiyya ta goyi bayansu. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun gano cewa mutanen da suka koyi wani jerin taɓa maɓallai da yatsu sun ƙara sauri da kimanin kashi 20 cikin ɗari bayan barcin dare ɗaya, ba tare da ƙarin atisaye ba. Wato ƙwaƙwalwa tana ci gaba da gyara darasin rana a cikin barci.

Iyakarsa da haɗarinsa

Harbin wofi ba ya koyar da komai da komai. Ba ya koyar da karɓar naushin bindiga, ba ya koyar da karatun iska a filin mita 50, ba ya kuma kawo irin bugun zuciyar da idon jama'a ke jawowa a ranar gasa. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwa ba ta bambance maimaici mai kyau da mugu. Abin da aka maimaita shi take riƙewa. Wanda ya yi wata guda yana maimaita kuskure, ya zama gwanin kuskure ke nan. Don haka ake bukatar idon mai horarwa da komawa fili lokaci-lokaci don a gwada sakamako. Ba kowace bindiga ce kuma ke jure dannar wofi ba. Bindigar iska mai aiki da sifirin da wasu ƙananan bindigogin albarushi sukan lalace, shi ya sa ake ƙera bindigogin gasa da wani maɓalli na musamman don wannan atisaye.

Haɗari mafi girma shi ne zaton cewa bindiga wofi ce alhali ba wofi ba ce. A watan Oktoba na 2021, a jihar New Mexico ta Amurka, mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasa ranta a wurin shirya fim mai suna Rust, da bindigar da aka ɗauka babu harsashi mai rai a cikinta. Saboda irin wannan ne ƙa'idar masu harbin wofi take da tsauri: a duba cikin bindiga da ido, a sake dubawa, a fitar da duk harsashi daga ɗakin, kada a taɓa nuna bakinta ga mutum ko ga bangon da akwai mutane a bayansa, idan wani abu ya katse atisaye, a sake duba bindigar daga farko. A Nijeriya kuma Dokar Makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba. Ɗalibin da ya ga bindiga a gida ko a daji, ko da ta farauta ce, kada ya taɓa ta, ya sanar da babba. Rigakafi ya fi magani.

Gwaji a cikin aji

Duk abin da muka bayyana ana iya ganin sa ba tare da bindiga ba. Malami ya samo 'yar fitilar leza ta nuni, ya ɗaure ta a jikin rula, ya manna farar takarda a allo. Kada a haska leza a idon kowa. Ɗalibi ya tsaya a nisan mita 3, ya miƙe hannu ya haska takardar na daƙiƙa goma, wani kuma ya zana iyakar yawon hasken da fensir, a auna faɗinsa. A sake gwajin a nisan mita 6, a ga ko faɗin ya ninka kamar yadda lissafi ya nuna. Sa'an nan ɗalibin ya yi gudu a wuri ɗaya na minti guda, a ƙirga bugun zuciyarsa, a sake aunawa.

Don ganin zabura kuwa, malami ya tsaya nesa kaɗan a bayan ɗalibin, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya fasa balan-balan. Ya maimaita haka sau uku ko huɗu. A karo na gaba ya ƙirga amma kada ya fasa. 'Yan aji su zuba ido a kan hasken, su rubuta abin da suka gani a daidai ƙirga ta uku, su bayyana shi da binciken Pavlov.

Kammalawa

Mun ga cewa harbin gasa aiki ne na kusurwa ƙarama ƙwarai, cewa kuskuren da ke ɓata shi yana aukuwa kafin ƙarar bindiga, kuma cire harsashi yana bayyana wannan kuskure ya ba ƙwaƙwalwa damar gyara shi. Wannan ƙa'ida ta shafi duk wani aikin hannu mai bukatar natsuwa. Ɗalibin likita yana koyon ɗinki a jikin roba kafin ya taɓa majiyyaci, matuƙin jirgin sama yana shafe awoyi a cikin na'urar kwaikwayo kafin ya ɗauki fasinja. Masu iya magana sun ce da koyo akan iya, binciken ƙwaƙwalwa kuma ya ƙara da cewa koyon ya fi kama jiki idan an yi shi daidai, kaɗan-kaɗan a kullum, tare da isasshen barci.